Ƙaramar Kwamfuta Mai Araha: Amfaninta da Lahaninta ga Mutanen Tabotaki

Duk shekara idan damina ta kusato, samarin Adar da suka tafi ci-rani sukan fara komowa gida daga Abijan, da Legas, da Kano, da ƙasar Libiya. A da can, tsarabar ɗan ci-rani ita ce akwatin rediyo, ko agogon hannu, ko keke. Daga baya salula ta shigo ta kori sauran. Yau kuwa, cikin jakar waɗansu akan tarar da wata ƴar na'ura mai siffar littafi, a buɗe ta a rufe ta, nauyinta bai fi na tiyar hatsi ba. Ita ce ƙaramar kwamfutar hannu, wadda ma'aikata suka fi sani da sunan ordinatar.

A Tabotaki, ƙaramar hukuma ta karkara cikin gundumar Buza ta jihar Tawa, haka kuma a sauran garuruwan da ke tsakanin Madawa da Keita, tambaya guda ce ke gaban mutane da dama. Tana gaban sakataren ƙungiyar manoma, da mai kula da bankin cimaka, da daraktan makaranta, da malamin yaƙi da jahilci, da uban da ɗansa ya gama kwaleji. Shin kuɗin da aka tara da gumi, ko na ƙungiya ko na gida, ya dace a zuba su cikin wannan ƴar na'ura? Tambayar ba ta wasa ba ce, domin abin da ake kira araha a birni, a karkara buhunan hatsi ne. Saboda haka ya kamata mai karatu ya san asalin wannan na'ura, da abin da take iyawa, da inda ƙarfinta ya tsaya, tun bai kwance bakin jakarsa ba.

Asalin ƙaramar kwamfuta

A shekarar 2005 wani malamin babbar makarantar fasaha ta MIT a Amurka, mai suna Nicholas Negroponte, ya fito da wani shiri da ya kira "Kowane yaro da kwamfutarsa". Nufinsa shi ne a ƙera kwamfutar da kuɗinta ba zai wuce dalar Amurka 100 ba, watau wajen jikka 50 na sefa a canjin wancan lokaci, gwamnatoci su saya da yawa su raba wa ƴan makarantar ƙasashe matalauta. A watan Nuwamba na wannan shekara aka nuna samfurinta a birnin Tunis, wurin taron duniya a kan sadarwa, a gaban babban sakataren Majalisar Ɗinkin Duniya na lokacin, Kofi Annan. An yi mata wani hannu da ake murzawa domin ta sami wuta inda babu lantarki. Da Kofi Annan ya kama hannun ya murza, sai ya ɓalle. Daga baya aka fitar da hannun daga jikinta gaba ɗaya.

Na'urar da ta fito a ƙarshen 2007 ana kiranta XO. Launinta kore da fari ne, tana da kunnuwa biyu na kama saƙo, da marufin roba a kan madannai don kada ƙura ko ruwa su shiga, ga kuma fuskar da ake iya karantawa ko a tsakar rana. Sai dai kuɗinta ya kai dala 188, kusan ninki biyu na abin da aka yi alkawari.

Ƴan kasuwa ba su zauna ba. Tun 2006 kamfanin Intel ya fito da tasa ta ƴan makaranta mai suna Classmate. A 2007 kuma kamfanin Asus na Taiwan ya fito da Eee PC, mai fuska inci 7, nauyinta bai cika kilo 1 ba. Ta karɓu ƙwarai, sauran kamfanoni suka bi sawu, har a 2008 da 2009 ƙananan kwamfutoci suka cika kasuwannin duniya. Tashensu bai daɗe ba. A 2010 allunan taɓawa irin iPad suka fito, manyan saluloli kuma suka yi araha, ya zamana zuwa ƙarshen 2012 Asus da Acer sun daina ƙera wancan iri na farko. Amma zuri'arta ba ta ƙare ba. Har yanzu ana ƙera ƙananan kwamfutoci masu fuska inci 11 ko 12, ga kuma masu suna Chromebook da suka fara fitowa a 2011, ga tsofaffi na hannu da ake kwasowa daga makarantu da ofisoshin Turai da Amurka. Waɗannan su ne ke isowa kasuwannin Kano, da Maraɗi, da Ƙonni, da Tawa.

Abin da aka gani a Galadima da Peru

Sai an gwada akan san na ƙwarai. Ɗaya daga cikin gwaje-gwajen farko na XO a duk duniya an yi shi ne a maƙwabciyar ƙasa, Nijeriya, a makarantar firamare ta Galadima da ke gefen Abuja, cikin shekarar 2007. An raba wa yara kwamfutoci, kowa da tasa, yana zuwa da ita gida. Abin da ya ba mutane mamaki shi ne saurin da yaran suka yi wajen koyo, har waɗansu cikinsu suka iya kwance na'urar su gyara ta abokansu. Amma matsaloli sun biyo baya. Wutar caji ta zama wahala. An kuma sami labarin yara suna kallon hotunan banza ta intanet, sai da aka sa shinge. Kwamfutoci miliyan 1 da aka yi maganar Nijeriya za ta saya a zamanin shugaba Obasanjo, ba a saye su ba. Wani kamfani mai suna Lancor ma ya kai shirin ƙara kotu a kan tsarin madannan rubutu.

A Kudancin Amurka abin ya fi girma. Ƙasar Urugwai ta fara rabo a 2007, zuwa 2009 kowane ɗan firamaren gwamnati yana da tasa. A can shirin ya ɗore, domin ƙasar ƙarama ce, akwai lantarki, an kai intanet makarantu, an kuma kafa hukuma ta musamman mai kula da gyara da horon malamai. Ƙasar Peru kuwa ta sayi fiye da dubu 800, ta fara da makarantun ƙauyukan kan duwatsu, waɗanda ke nesa da hanya. A 2012 Bankin Raya Ƙasashen Amurka ya fito da sakamakon bincike a makarantu 319, bayan wata 15 da rabo. Yaran sun iya sarrafa na'urar, an kuma ga ɗan ci gaba a kaifin tunaninsu, amma a lissafi da karatu ba su fi yaran da ba a ba kwamfuta ba. Malamai da yawa ba su sami horon da ya isa ba, makarantu da yawa babu intanet, na'urar da ta lalace kuma takan daɗe ba a gyara ba.

Halin ƙauyukan Peru ya fi kama da na Adar a kan na Urugwai. Darasin a fili yake: na'ura ba ta koyar da kowa ita kaɗai.

Wannan darasi ba baƙo ba ne a Nijar. Tun 1964 aka fara talabijin ta makaranta, inda yara ke ɗaukar darasi daga akwati, har aka riƙa kunna waɗansu akwatunan da hasken rana. Baƙi sun zo daga nesa sun gani sun yaba. Duk da haka shirin bai game ƙasa ba saboda tsada da wuyar kula da kayan aiki, kafin ƙarshen shekarun 1970 an daina shi.

Amfaninta

Duk da haka, ƙaramar kwamfuta tana da halaye na gari waɗanda suka dace da karkara.

Na farko shi ne ƙarancin cin wuta. Bisa ƙididdigar Bankin Duniya ta 2022, kusan mutum 1 cikin 5 ne ke da lantarki a Nijar, a karkara kuwa bai kai 1 cikin 10 ba. An buɗe tashar hasken rana ta Malbaza mai ƙarfin megawat 7 a 2018, da ta Goru Banda kusa da Yamai mai megawat 30 a 2023, amma galibin ƙauyuka har yanzu waya ba ta kai gare su ba. Ko garuruwan da ke da layin NIGELEC sun ɗanɗana duhu a 2023, sa'ad da Nijeriya ta yanke wutar da take turowa, sai a 2024 aka maido ta. Babbar kwamfutar tebur da fuskarta takan ci wat 100 ko fiye, kuma da an ɗauke wuta ta mutu nan take, aikin da ba a adana ba ya tafi. Ƙaramar kuwa wat 10 zuwa 15 sun ishe ta. In ta yi aikin awa 4 a yini, ba ta ci fiye da wat-awa 60 ba, alhali faifan hasken rana mai wat 50 yana iya tara kusan 200 a rana mai haske. Watau faifan da ke cajin salulolin unguwa, in an haɗa shi da batiri, yana iya ɗaukar nauyinta.

Na biyu shi ne sauƙin ɗauka. Kilo 1 ne ko ɗan fiye. Malamin gona ko mai duba makarantu yana iya sa ta cikin jaka ya hau babur daga Buza ya zagaya ƙauyuka, ya yi aikinsa a gindin itace. Da dare kuma ana iya kulle ta cikin akwati.

Na uku, yawancin na zamani ba su da faifan ajiya mai juyawa, waɗansu ma ba su da fanka. Abin da ba ya motsi bai cika karyewa ba, saboda haka sun fi tsofaffin manyan kwamfutoci jure girgizar hanyar duwatsu.

Na huɗu, kuma shi ne mafi girma, ita ce na'urar rubutu da lissafi. A ɗauki misalin bankin cimaka. Ana sayen hatsi da kaka, a ajiye, a sayar ko a ranta wa jama'a lokacin da rumbuna suka yi ƙasa. Abin da ke kashe irin wannan banki sau da yawa shi ne ruɗanin lissafi: wa ya karɓa, tiya nawa, wa ya biya, wa ya saura. Littafin takarda yakan jiƙe, gara takan ci shi, shafi yakan ɓace, zargi ya shiga tsakanin ƴan uwa. A kan kwamfuta, sakatare yana jera sunaye cikin jadawali, na'urar ta haɗa jimla da kanta, a buga takarda a manna a bakin mangaza kowa ya gani. Haka ƙungiyar masu noman rani ke iya riƙe lissafin iri, da taki, da man injin ban ruwa, da buhunan albasar da aka tura Galmi ko Madawa. Haka daraktan makaranta zai jera sunayen ɗalibai da makinsu, ofishin gari ya tsara rajistar haifuwa, gidan likita ya shirya rahoton wata. Duk wannan ba ya bukatar intanet, ba ya kuma bukatar na'ura mai ƙarfi.

Na biyar, ɗakin karatu ce. Littafi guda na rubutu zalla bai cika wuce mega 1 ko 2 ba, saboda haka ko ƙaramin rumbun ajiya yana ɗaukar dubbai. Ga wanda ya fito daga makarantar yaƙi da jahilci, wannan babban abu ne. An sani tun zamanin jaridar Ganga cewa wanda ya koyi karatu, in bai sami abin karantawa ba, baƙaƙen sukan gudu daga kansa cikin ƴan shekaru.

Lahaninta

Hausawa sun ce araha ba ta ado. Kamfani ba ya rage kuɗi sai ya rage wani abu.

Abin da aka fara ragewa shi ne ƙarfi. Ƙananan kwamfutocin yau galibi suna da ƙwaƙwalwar aiki giga 4 da rumbun ajiya giga 32 ko 64. Tsofaffin na 2008 zuwa 2011 kuwa giga 1 ko 2 kawai gare su. Suna iya rubutu da jadawali, amma in aka buɗe shafuka da yawa a lokaci guda, ko aka ce a haɗa bidiyo ko a zana taswira, sai su yi ta jan ƙafa. A mai giga 32, manhajar Windows kaɗai takan cinye fiye da rabin wurin. Sau da yawa kuma ƙwaƙwalwar da rumbun a like suke da jikin na'urar, ba a iya ƙara su, ba a iya sake su.

Na biyu, ƙanƙantar fuska da madannai. Dattijon da idonsa ya fara rauni zai wahala da ƙananan baƙaƙe, mai manyan yatsu, wanda hannunsa ya saba da hauya, zai riƙa danna biyu a wurin ɗaya. Wanda zai yini yana buga takardu zai tashi da ciwon wuya.

Na uku, zafi da ƙura. A watannin Afrilu da Mayu zafi yakan wuce digiri 40 a inuwa. Batirin irin waɗannan na'urori ba ya son zafi, yakan tsufa da wuri, wani lokaci ya kumbura har ya ɗaga madannai. Na'urar da ba ta da fanka, in ta ji zafi, da kanta take rage gudu. Da hunturu kuma ƙura ke shiga ƙarƙashin madannai da ramukan caji. XO an ƙera ta ne domin irin wannan hali, amma na kasuwa an ƙera su domin ɗakuna masu sanyi.

Na huɗu, gyara. Mai gyaran salula ana samunsa a kowace babbar kasuwa, mai gyaran kwamfuta kuwa sai birni. In fuska ta fashe ko caja ta ƙone, sai an aika Tawa, ko Maraɗi, ko Yamai, wani lokaci sai Kano. In aka haɗa kuɗin mota da na kayan gyara da na aiki, yana iya kusantar kuɗin sayen wata. Shi ya sa na'urori da yawa na kyauta, waɗanda ayyukan raya ƙasa suka bari, suke ƙarewa cikin kabad.

Na biyar, tsufan manhaja. Kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows XP a 2014, da Windows 7 a 2020, da Windows 10 a watan Oktoba na 2025. Windows 11 kuwa ba ta hawa kan yawancin tsofaffin ƙananan kwamfutoci. Na'urar da aka daina toshe wa ɓaraka, ƙwayoyin cutar kwamfuta sukan shige ta da sauƙi, musamman ta ƴar ma'ajiyar aljihu da ake kira kile, wadda ke yawo daga hannu zuwa hannu ana kwafar waƙoƙi da finafinai. Rana ɗaya sai a wayi gari lissafin shekara ya ɓace. Akwai magani: manhajar Linux kyauta ce, tana da iri marasa nauyi da ke tayar da tsohuwar na'ura, sai dai ana bukatar wanda ya iya sa ta. Ita kuma Chromebook an gina ta ne domin aiki da intanet, kowace tana da shekarar da ake daina sabunta ta, saboda haka ta hannu mai araha ƙwarai sau da yawa wa'adinta ya ƙare ko ya kusa.

Na shida, intanet kansa. An kafa hukumar ANSI a 2017 domin yaɗa sadarwar zamani har karkara, kamfanin Starlink mai aiki da tauraron ɗan adam kuma ya fara aiki a Nijar a 2025. Duk da haka, a ƙauye kuɗin haɗi nauyi ne, kwamfuta kuma ta fi salula shan mega, domin takan sabunta kanta ba tare da ta yi shawara da mai ita ba.

Batun baƙaƙen Hausa

Akwai wata matsala da mai sayarwa ba zai faɗa ba. Madannan kwamfutar da ta fito daga Faransa tsarinsu daban ne da na wadda ta biyo ta Nijeriya ko Dubai. Ta farko layinta na sama yana farawa da A, Z, E, R, T, Y, ta biyu da Q, W, E, R, T, Y, kuma ba ta da baƙaƙen Faransanci masu alama a ka. Wanda zai rubuta wasiƙar ofis da Faransanci ya kamata ya duba wannan.

Babu kuma ɗaya cikinsu da ke da ɓ, ɗ, ƙ, ƴ a kan madannai. An sha wahala kafin a daidaita waɗannan baƙaƙe, tun daga taron Bamako na 1966 har zuwa taron Yamai na Janairun 1980, inda masanan Nijar da Nijeriya suka daidaita ƙa'idar rubutu. A watan Maris na 2025 kuma dokar sake gina ƙasa ta ɗora Hausa a matsayin harshen ƙasa. Abin kunya ne bayan wannan duka a koma rubuta "kasa" a wurin "ƙasa", ko "bata" a wurin "ɓata", mai karatu ya rasa abin da ake nufi. Baƙaƙen suna nan cikin kowace kwamfuta ta zamani, hanyar fito da su ce ake nema. Akwai manhajar kyauta mai suna Keyman da ke yin wannan aiki. Duk ƙungiyar da za ta riƙe lissafinta da Hausa, ta sa a saka mata ita tun ranar saye.

Salula ko kwamfuta?

Wani zai ce, tun da salula na hannun kowa, ina amfanin ƙarin kashe kuɗi? Maganarsa tana da tushe. A 2009 da 2010 an yi wani gwaji mai suna ABC a ƙauyuka 113 na jihohin Doso da Damagaram, tare da ƙungiyar Catholic Relief Services da wata malamar jami'ar Tufts ta Amurka, Jenny Aker. A rabin makarantun karatun manya an koya wa ɗalibai aika saƙo da ƙaramar salula, a sauran rabin an yi karatu yadda aka saba. Waɗanda suka yi aiki da salula sun fi sauran a rubutu da lissafi, kuma bayan watanni da rufe makaranta bambancin yana nan. Dalili shi ne sun sami abin da za su yi da karatunsu kullum: gaida ɗan ci-rani, tambayar farashin kasuwa.

Wannan ya nuna cewa ga mutum ɗaya mai son saƙo, da labari, da farashin albasa, salula ta isa. Kwamfuta tana shigowa ne inda aiki ya fi ƙarfin babban yatsa: dogon rahoto, jadawalin mutum 200, takardar neman tallafi, ko ɗalibin da zai shiga jami'ar Tawa ko wata makarantar sana'a, inda za a nemi ya iya buga takarda. Saboda haka a Tabotaki ta fi dacewa ta zama kayan aikin ƙungiya, ko makaranta, ko ofis, kafin ta zama ta kowane gida.

Abin da mai saye zai duba

Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Wanda ya auna ya ga yana da bukata, ga abin da zai kiyaye.

Ya fara da tambayar aikin da za ta yi, da wanda zai yi shi. In babu mutumin da ya iya, kuɗin horo su riga kuɗin na'ura. Gara a horar da mutum biyu, ɗaya cikinsu mace ko dattijon da ba ya tafiya ci-rani, don kada aiki ya tsaya da rani.

Ya tafi kasuwa da wanda ya sani. Kada ya karɓi mai ƙwaƙwalwar aiki ƙasa da giga 4, ko rumbu ƙasa da giga 64. Ya cire ta daga wuta a gaban mai kanti ya ga yadda batiri ke sauka, ya danna kowane baƙi, ya duba gindin marufi ko ya tsage, ya tabbata cajar ta asali ce. Ya kwatanta sabuwar ƙarama da tsohuwar kwamfutar ofis mai matsakaicin girma, domin sau da yawa ta biyun ta fi ƙarfi, ana kuma samun kayan gyaranta, sai dai ta fi nauyi da cin wuta.

Ya lissafta abin da ke biye da ita: faifan rana, batiri, jaka, kile, da kuɗin buga takarda. Ƙungiya ta ware wani abu duk wata domin gyara, yadda ake yi wa famfon ruwa.

In ta iso gida, a yi aiki da ita da safe ko da yamma, a bisa tebur ko allo, kada a ɗora ta bisa katifa, kada a bar ta a rana. A rufe ta da ƙyalle bayan aiki. A kwafe lissafi cikin kile guda da ba ya zuwa ko'ina, a kuma ci gaba da riƙe littafin takarda, domin ranar da na'ura ta ƙi tashi. In yara za su taɓa ta, babba ya san abin da suke kallo.

Mutanen wannan yanki sun san abin da ke sa aiki ya ɗore. Layukan bedi da aka fara dasawa a kwarin Magiya a 1975 domin tare iska sun tsaya ne saboda an sa masu gadi, an hana dabbobi cin su tun suna ƙanana. Aikin Keita da aka fara a 1984, da taimakon Italiya da hukumar FAO, ya zo da manyan motoci, amma hannuwan jama'a, musamman mata, su suka jera duwatsu suka dasa itatuwa, inda aka ci gaba da kula kuma nan ne ƙasa ta farfaɗo. Ƙaramar kwamfuta ma haka take. Ƙungiyar da ta san aikin da za ta ba ta, ta horar da mai riƙe ta, ta tanadi wuta da kuɗin gyara, za ta ci moriyarta shekaru. Wadda ba ta shirya wannan ba, gara ta sayi sabon littafin lissafi da alƙalami, ta bar sauran kuɗin cikin asusu har shiri ya kammala.